Garin Yaya da Jarkokin Ruwa

Litinin, 3 ga Maris
Yaya ya shigo da robar wani farin gari, wai sunansa kiriyatin, masu ɗaga ƙarfe ke sha. Umma ta shinshina ta ce, "Alli ka sayo mana?" Aka yi dariya. Ni dai robar na ƙura wa ido.

Laraba, 5 ga Maris
Ƙarshen wata Yaya zai koma makaranta, ga ciwon bayan Umma ya sake tashi. Muna zaune a hawa na uku na bene, famfo yana ƙasa, kuma shi ke hawo mana da ruwa. In ya tafi Umma za ta ce za ta iya. Ba za ta iya ba. Ni kuwa Tsinke ake kirana.

Asabar, 8 ga Maris
Na saci cokali ɗaya na zuba a shayi. Kamar yashi. Na matsa damtsena gaban madubi. Shiru.

Talata, 11 ga Maris
Yaya ya hau sikeli yana ihu wai nauyinsa ya ƙaru. Abokinsa Dogo ya ce, "Malam, ruwa ne tsokarka ta riƙe tukuna, ba ka zama bijimi ba." Da suka fita na hau. Ina nan inda nake.

Alhamis, 13 ga Maris
Yaya ya kama ni da cokali a hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Dariya ya yi har da riƙe ciki, sai da ya ga hawayena ya daina.
"Ke Tsinke, me kike so ki ɗaga?"
Na ce jarka.
Sannan ya ce garin ba na yara ba ne. Shi ma in ya sha ya kwanta, aikin banza ne. Ɗagawa ke gina jiki, da ci da barci. Gari ɗan rakiya ne kawai.

Juma'a, 14 ga Maris
Ya samo ƙananan jarkoki biyu, kowace da ruwa rabi, ɗaya a kowane hannu. In durƙusa, baya a miƙe. "Da ƙafa ake ɗauka, ba da baya ba."

Lahadi, 16 ga Maris
Wayyo cinyoyina! Zama ma aiki ne.

Talata, 25 ga Maris
Yau ya cika su taf bai gaya mini ba. Sai da na kai sama na gane. Mugu.

Litinin, 31 ga Maris
Jiya ya tafi. Da safe Umma ta ɗaura ɗankwali za ta sauka, ta tarar da randa cike. Ta dube ni, ta dubi randar, ta koma ta zauna a hankali.
A sawu na ƙarshe na gamu da tsohon telan hawa na biyu. Ya ce, "Kawo in taya ki, 'yata." Na ce, "Na gode Baba, zan iya."
Da ƙarfi maganar ta fito, har ya juyo. Ina ganin benen ne ke amsa murya.