Injin Askin Dogo

Asabar, 3 ga Mayu
Ƙungiyar iyayen yara masu buƙata ta musamman ta turo mana ɗan sa-kai. Malamin firamare ne, siriri, mai tabarau. Zai riƙa zuwa duk Asabar ya zauna da Dogo, wai ni da uwarsa mu samu mu huta. Wa ya ce masa na gaji? Shekara ashirin da uku ina tare da ɗana. Kalmomin bakinsa ba su kai goma ba, kuma duk na san su.

Asabar, 10 ga Mayu
Ya tarar da mu muna aski. Kamar kullum, na matse kan Dogo tsakanin gwiwoyina, uwarsa ta riƙe hannayensa, shi kuma yana ihu. Mai Tabarau ya roƙi in bar masa aikin na wata guda. Na miƙa masa injin ina dariya a ciki.

Asabar, 17 ga Mayu
Ko gashi ɗaya bai taɓa ba. Ya ba Dogo injin a kashe ya yi ta juya shi. Can ya karɓa ya kunna, ya ɗora a bayan hannunsa shi kansa, ya zauna yana jira. Awa guda cur. Gashin hannunsa kawai ya aske ya tafi.

Asabar, 24 ga Mayu
Mai Tabarau ya aske Dogo tas. Ba ihu, ba kokawa. Uwarsa har da hawaye, tana ta sa masa albarka. Ni ina bakin ƙofa kamar wanda ya zo cin arziki. Kishi nake, ba sai an gaya min ba. Ni na goya yaron nan zuwa asibiti ba adadi, amma in ya gan ni da inji sai ya rufe kai da hannu biyu. Wannan kuwa da jin sallamarsa ya miƙe.

Juma'a, 30 ga Mayu
Na buga masa waya na ce Dogo na mura, kada ya zo gobe. Lafiyarsa ƙalau.

Asabar, 31 ga Mayu
Tun ƙarfe tara Dogo yake tsaye jikin taga da takalmi a ƙafa. Ya ƙi abincin rana. Uwarsa ta ce, "Baban Dogo, ba baƙon ka hora ba fa, ɗanka ka hora."

Juma'a, 6 ga Yuni
Na ce wa malamin murar ba ta saki Dogo ba. Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba." Daga muryarsa na san ya gano ni, amma ya rufa min asiri. Wannan ladabin ma haushi ya ba ni.

Lahadi, 15 ga Yuni
Suma ta taru, na ɗauko injin. Na ɗaura niyyar kokawa, sai Dogo bai gudu ba. Ya kamo hannuna ya kife shi a kan gwiwarsa, ya ɗora injin a kai, ya tsaya yana kallo. Na kunna. Gashina ya zuba a tabarma. Mun daɗe a haka kafin ya sunkuyo da kansa.

Ashe duk shekarun nan ban taɓa nuna masa cewa abin ba ya cizo ba. Riƙe shi kawai na iya.

Rabin kai muka yi ya tashi, na ƙyale shi. Ɗazu na tura wa malamin saƙo cewa mura ta tafi, ya zo Asabar. Amma na gaya masa kada ya taɓa ɗaya rabin, nawa ne.