Ƙorafi Kan Ƙwai Goma Sha Ɗaya da Aka Goge wa Alama

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji
Daga: Tsohuwar ungozoma, mai katin ƙungiya lamba 47
Kwanan wata: Litinin, 10 ga Maris, 2025

Game da: Cakuɗa ƙwan kajina da na wasu a ɗakin ƙyanƙyasa, da roƙon a dakatar da rabon 'yan tsaki na ranar Asabar

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da wannan ƙorafi cikin ladabi. Ina roƙon a karanta shi yau, domin kwana biyar kawai suka rage.

1. Ina kiwon wasu kaji da muke kira 'yan toka, waɗanda na gada a wurin gwaggona shekara arba'in da suka wuce. Launinsu na toka ne, ƙafarsu baƙa, suna da tukku a ka. Tsawon wannan lokaci ban bar baƙon zakara ya kusance su ba. Na rufe akurkinsu da waya har sama, na sha gorin maƙwabta da ke cewa na fi tsaron kaji a kan tsaron 'ya'yana. Ni da ƙanena kaɗai muke da irin, kuma annobar bara ta share nasa kaf. Ni ta bar mini kaza ɗaya da zakara ɗaya, tsoho mai ido ɗaya.

2. A watan Janairu kazar ta saka ƙwai goma sha ɗaya, amma ta ƙi kwanci saboda rashin lafiya. Ranar Litinin, 3 ga Fabrairu, na kai su ɗakin ƙyanƙyasa na ƙungiya a cikin kwando, na shimfiɗa musu ɗankwalina. Kowane ƙwai na rubuta masa 47 da fensir, kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada. Mai kula da inji ya karɓa, ya sa hannu a takarda, wadda na haɗa kwafinta da wannan wasiƙa. Na bayyana masa abin da ƙwan suke a wurina, ya tabbatar mini za a ware musu gefe guda.

3. Ranar Lahadi, 9 ga Fabrairu, kazar ta mutu.

4. Ranar Litinin, 24 ga Fabrairu, na je karɓar 'yan tsakina. A nan ne mai kula da inji ya shaida mini cewa kafin ya zuba ƙwan ya goge su duka da jiƙaƙƙen tsumma da maganin kashe ƙwayoyin cuta, lambobin suka tafi, ya jera nawa tare da na mutum huɗu a tire ɗaya. Ƙwai sittin ne, hamsin da biyu suka ƙyanƙyashe, takwas suka lalace. Har yanzu ban san nawa ne nawa a cikin rayayyu ba, ban san nawa ne a cikin takwas ɗin ba. Ya san da wannan kuskure tun ranar farko, ya yi shiru mako uku, alhali kullum muna gaisawa a bakin titi.

5. Na kai maganar gaban sakatare ranar 26 ga Fabrairu, na koma ranar 4 ga Maris. A zuwa na biyu ya ba ni shawarar in zaɓi 'yan tsaki goma sha ɗaya da suka yi mini, tunda a ganinsa kaza ai kaza ce. Ranka ya daɗe, shekara talatin na yi ina karɓar haihuwa. Ko ranar da ɗakin haihuwa ya cika har ƙasa, ban taɓa miƙa wa uwa jaririn wata in ce ta yi haƙuri ba. Maganar ta yi mini ciwo, na fita.

6. Ba a gane ɗan toka yana ƙarami. Kamanninsa ɗaya da kowane ɗan tsakon gida, ƙafar ma sai daga baya take yin baƙi. Tukkun yana fitowa ne a mako na shida, wato wajen 7 ga Afrilu. Amma sanarwar da aka liƙa a ƙofar ofis ta ce za a raba 'yan tsakin ranar Asabar, 15 ga Maris. Idan suka watsu gidaje biyar, wasu za a sayar, wasu za a yanka, matan kuma za su girma a gaban zakarun da ba irinsu ba. Daga nan babu gyara.

Saboda haka ina roƙon mai girma Shugaba ya ba da umarni a rubuce cewa kada ɗan tsako ko ɗaya ya fita daga ɗakin reno da aka ajiye su kafin 7 ga Afrilu, kuma a tantance su a gabana da gaban sauran masu ƙwan huɗu. Abincinsu na waɗannan makonni ni zan kawo daga gidana, sharar ɗakin ma zan yi da hannuna. Ba na neman a kori kowa, ba na neman diyya. A dai hana goge ƙwan da ke da alama daga yau.

Kowace safiya nakan tsaya a tagar ɗakin reno ina duban kawunansu ɗaya bayan ɗaya, har masu aiki sun daina tambayata abin da nake nema. Ba goma sha ɗaya nake sa rai ba. Mace ɗaya ta ishe ni, muddin ta girma ta tarar da ubanta da rai. Shekararsa takwas, ya fara kasa hawa sandar da yake kwana a kai, sai na ɗaga shi. Mako uku nake roƙo, ranka ya daɗe. Shi ma ban san ko zai jira ni ba.

Ina godiya da kulawarka, tare da matuƙar girmamawa.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Tsohuwar ungozoma, kati mai lamba 47