Gwiwar Hagun Harouna

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024

An fitar da jadawalin sili ɗaya ƙwale na Kofin Kwalejoji. Ina tsakiyar gasa wa wani dattijo kafaɗa a asibiti saƙon ya shigo, sai da na bar shi kwance na fita baranda na duba. Kwalejoji takwas suka rage a jami'ar. Mu Harsuna za mu kara da Shari'a. Injiniya da Kimiyya. Likitanci da Kasuwanci. Noma da Kwamfuta.

Shekara huɗu ke nan ina horar da yaran Harsuna, tun da na gama koyon Larabci a wurin na samu aikin gashin ƙashi a unguwar Murabba, nan Riyad. Yawancinsu namu ne, Najeriya, Nijar, Gana, sai 'yan Sudan biyu. Ko sau ɗaya ba mu taɓa ɗaga kofin nan ba.

Yadda na ga abin: Shari'a ba gudu, sai tsawo da gwiwar hannu. Likitanci ƙwallon ƙasa suke yi mai kyau, amma ba sa son a taɓa su. Noma golansu ne kawai, ranar da ya yi mura sun tafi. Kimiyya kuwa Injiniya za su cinye su ɗanye. Wato in mun wuce Shari'a, da Injiniya za mu haɗu a kusa da na ƙarshe. Kamar bara.

Bara ɗan bayansu ya sa gwiwar hannu ya karya wa ɗan wasanmu Abdou muƙamuƙi. Alƙalin wasa ko busa bai yi ba. Suka ci mu biyu da nema, suna rawa a gaban bencinmu, Abdou na kwance yana tofar da haƙori. Sati shida bakinsa a ɗaure da waya, kunu kawai yake zuƙa. Ya koma Maraɗi yanzu. Ni ban koma ko'ina ba, ina nan inda aka bar ni.

Talata, 5 ga Nuwamba

Atisaye bayan la'asar. Baya huɗu, tsakiya biyar, gaba ɗaya. Na ce kada wanda ya ɗaga ƙwallo sama, da dogaye za mu yi. A ƙasa, a gefe, a gaji da su. In an samu kwana a buga gajere.

Wani ɗan Gana ya janye ƙafa lokacin da ya kamata ya shiga. Na cakumi rigarsa na jijjiga shi har wuyan rigar ya yage. Na ce wanda ya buge ku sau ɗaya ku rama biyu, in an kore ku ni na aike ku. Maikuɗi, kyaftin ɗinmu, ya ce, "Koci, a yi haƙuri." Na sake shi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Biyu da ɗaya. Mun wuce!

Dabarar ta yi aiki, kafin hutun rabin lokaci dogayen sun fara haki. Amma abin da ke dawo min a ido ba ƙwallayen ba ne. Ana saura minti goma wani ya haɗa wa Maikuɗi kai a gira, jini ya rufe masa fuska. Kafin in miƙe Buraima ya iso. Buraima ɗan Tessaoua, ɗan bayanmu, mutum kamar ƙofar shago, ba ya magana sai an tambaye shi. Ya ɗaga yaron sama ya maka shi da ƙasa. Fili ya rikice, naushi ta ko'ina, masu gadi na ihun "halas, halas, ya shabab!" Alƙalin wasa bai ga wanda ya fara ba, ya raba katin gargaɗi huɗu a makance.

Na ɗaure wa Maikuɗi girar a gefen fili. Jininsa ya shiga min farce.

Gaskiya? Na ji daɗi. Ba zan faɗa wa kowa ba, amma na ji daɗi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na je kallon Injiniya da Kimiyya. Huɗu ba ko ɗaya, uku daga ciki Harouna, mai lamba tara na Injiniya, ne ya zura.

Duk wasansu a kansa yake. Baya uku suke tsayawa, 'yan gefe su hau sama, kowace ƙwallo a nemi lamba tara. In ka sa masa mutum ɗaya ya juya shi, in ka sa biyu tsakiya ta buɗe. Na cika shafi uku da zane, babu wanda ya tsayar da shi ko a takarda.

Bayan wasa ya hango ni ya taho da gudu. "Likita! Ina wuni? Ka ga ƙafar da ka gyara?" Ya rungume ni da guminsa. Ɗan Damagaram ne, yana ajin ƙarshe. Da zafin bana ya yi wata biyu yana zuwa wurina saboda gwiwarsa ta hagu. Jijiyar ciki ta tsage rabi. Na ce masa ya huta wata shida, ya ce, "Likita, wannan kofin ne na ƙarshe, bari in buga sai in huta har tsufa."

Na lura yau duk juyin da ya yi a kan ƙafar dama ya yi shi. Ko sau ɗaya bai dogara da hagun ba.

Likitanci da Noma su ma sun wuce.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na buɗe fayil ɗinsa a kwamfutar asibiti. Ba ni da dalilin buɗewa. Na daɗe ina kallon hoton gwiwar.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na kira Buraima zuwa unguwar Batha, na saya masa shinkafa da kaza a wani shagon 'yan Yaman kusa da tashar bas. Na zana masa wasan a kan takardar goge hannu, inda zai tsaya, lokacin da zai bi lamba tara da lokacin da zai bar shi. Sannan na ce:

"Gwiwar hagu. Daga waje. Lokacin da ya kafa ta a ƙasa."

Ya daina tauna. "Koci, Harouna fa? Sahu ɗaya muke sallah da shi."

Na ce ba kashe shi na ce ka yi ba, ka taɓa shi sau ɗaya ya ji tsoro, ya fita, shi ke nan. Na ce ka manta Abdou? Ɗaki ɗaya suka zauna da Abdou, shi ya riƙa dama masa kunun.

"Ba Harouna ba ne ya karya Abdou," in ji shi.

Na ce riga ɗaya suke sawa.

Ya kalli takardar ya daɗe. "In kai ka ce, Koci." Bai ƙarasa kazar ba.

Na san ba tsoro kawai zai ji ba. Na fi kowa a Riyad sanin abin da gwiwar nan za ta yi in an buge ta daga waje. Na rubuta nan don kada gobe in ce ban sani ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Matata Bilqis ta ce kwana uku ina yi wa yara tsawa ba dalili. "Baban Sharif, ƙwallon ɗalibai ce fa, ba yaƙi ba." Na buga kofin shayi a kan tebur ya fashe. Ta kwashe gilashin.

Gobe ne wasanmu da Injiniya. Baya biyar. Maikuɗi ya tsaya gaban 'yan baya ya tare hanyar ƙwallo. Mu jira, mu kai hari ta gefen dama inda ɗan bayansu ke hawa ya manta gida. Wataƙila ma hakan ya isa, ba sai an yi ɗayan ba.

Ban kira Buraima na ce masa haka ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Minti ashirin na farko dabarar ta riƙe su. Harouna bai taɓa ƙwallo a cikin da'irarmu ba. Har na fara tunanin in ɗaga wa Buraima hannu ya bari. Sai Harouna ya zille wa mutum biyu ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo, 'yan Injiniya suka tashi da ihu. Buraima ya waiwayo benci. Na gyaɗa kai. Ni na gyaɗa.

Minti na talatin da ɗaya. An ba shi ƙwallo yana bai wa ragarmu baya. Ya kafa hagun zai juya. Buraima ya taho daga gefe da dukkan nauyinsa, ƙafa biyu.

Na ji ƙarar daga benci. Kamar an karya rake. Gwiwar ta lanƙwashe ta inda gwiwa ba ta lanƙwasa. Da farko bai yi ihu ba, ya buɗe baki kawai yana dukan ciyawa da tafin hannu, sai daga baya muryar ta fito. "Wayyo inna! Wayyo inna!"

'Yan Injiniya suka yi kan Buraima. Suka kayar da shi suna shuri, a haƙarƙari, a baya, a kai. Bai kare kansa ba, bai rama ba. Maikuɗi ya faɗa kansa ya rufe shi, girarsa ta sake fashewa. Wani ya jefo kujerar roba daga wurin 'yan kallo ta sami ɗaya daga cikin 'yan Sudan ɗinmu a hanci. Sai da motar tsaron jami'a ta shigo har cikin fili.

Ni kaɗai ne ma'aikacin lafiya a wurin, don haka ni aka kira. Na durƙusa na riƙe ƙafar. Ta riga ta kumbura kamar kankana, ƙasanta na lilo a hannuna. Ya kama wuyan hannuna da ƙarfi. "Likita, alhamdu lillahi kana nan. Kada ka bari su ja ta. Kada ka tafi." Na ɗaure ta, na raka shi har motar asibiti.

Jan kati uku. Aka ci gaba, mu goma su tara. Mun ci ɗaya mai ban haushi ta gefen dama, daidai inda na zana. Yara sun so su ɗaga ni sama, na ce su sauke ni.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Jijiya biyu sun tsinke, kan ƙashin ya tsage. Tiyata Alhamis.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na je duba shi bayan aiki. Yayarsa Zouera na wurin, aikin gida take yi a arewacin gari, da ƙyar uwar ɗakinta ta ba ta awa biyu. Tana ganina ta durƙusa har ƙasa. "Malam Jibirilla, Allah ya saka. An ce ba don kai ba da ƙafar ta lalace gaba ɗaya." Ta miƙo min dabino a leda. Na karɓa. Me zan yi?

Harouna ya rame cikin kwana uku. Ya ce likitan ya ce zai yi tafiya, gudu kuwa sai abin da Allah ya yi. Wani kamfanin gine-gine ya yi masa alkawarin aikin fili bayan jarrabawa, hawa da sauka a bene, yanzu bai sani ba.

"Abin da ban gane ba, Likita, yadda Buraima ya zaɓi hagun. Ban taɓa ɗaure ta a fili ba don kada a gane."

Na ce ƙwallo ce, tsautsayi.

Ya ce haka ne.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Likitanci sun fitar da Noma a bugun fenareti. Da su za mu yi wasan ƙarshe ranar Asabar. Na zauna in zana yadda za mu tare su. Tsakiya uku suke, lamba goma ke raba ƙwallo, idon sawunsa na dama a naɗe da bandeji tun zagayen farko.

Na ga alƙalamina ya zagaye wurin. Na yage shafin.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Buraima ya zo asibitinmu yana tafiya a karkace, haƙarƙari biyu sun tsage. Kwamitin ladabtarwa na jami'a zai zauna Lahadi. Akwai bidiyo a wayoyi, kowa ya ga da gangan ne. In an kore shi tallafin karatu ya tafi, ikama, takardar izinin zama, ta tafi, sai jirgin komawa gida. Saura masa zango ɗaya.

An riga an tambaye shi ko wani ya sa shi. Ya ce a'a.

"Ba zan faɗi sunanka ba, Koci. Kana da iyali. Na zo ne kawai in ce kada ka ƙara gaishe ni."

Na ce zauna in duba haƙarƙarin.

"Kada ka taɓa ni."

Ya fita a hankali yana dafa bango. Majinyacina na gaba ya yi minti ashirin yana jira, ban iya tashi ba.

In aka san na buɗe fayil ɗin majinyaci na yi amfani da shi, lasisi ya tafi, aiki ya tafi, Sharif da ƙanwarsa su bar makaranta a tsakiyar shekara. Kwamfuta na ajiye ranar da aka buɗe kowane fayil da sunan wanda ya buɗe. Ba wanda zai duba in ban nuna ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Wasan ƙarshe yau. Da safe na kai wa Maikuɗi usur da allo, na ce ya tsara su yadda ya ga dama, kaina ke ciwo. Ya dube ni ya ce, "To, Koci." Wayata na ta ƙara tun magariba, ban duba ba. Ban san wa ya ci ba.

Na faɗa wa Bilqis. Duka. Ta zauna bakin gado, sannan ta tambaye ni ƙarfe nawa kwamitin ke zama. Na ce tara. Ban ce zan je ba. Wata 'yar takarda ce dai na rubuta da Larabci, shafi ɗaya, da ranar da na buɗe fayil ɗin a ciki. Rubutu ne kawai, mutum na iya rubuta abu ya ajiye.

Ban sani ba ko Harouna ya kamata ya fara ji kafin su. Asibitinsa na buɗe wa masu dubiya ƙarfe bakwai da rabi, kuma bas ɗaya ce daga can zuwa jami'a.

Bilqis ta goge min farar riga ta rataye a ƙofa. Ban ce ta mayar ba.