Saɓar Jinja Ta Maƙale

Yaya Terrence,

Ina gaisuwa. Yaya gida, yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sai dai sanyin Minnesota, kuma har yanzu ni kaɗai nake zama wurin cin abinci a makaranta.

Na ga hoton macijina Jinja, raina ya ɓaci ƙwarai. Saɓa ta maƙale masa a wutsiya, ga akwatinsa jikin hita! Wai don maciji zafi yake so? Macijin masara ne, Yaya, ba na hamada ba. Danshi yake buƙata, ma'aunin danshin ya tsaya tsakanin arba'in da sittin. Ka matsar da akwatin yau, ka sa masa jiƙaƙƙiyar gansakuka a maɓoyarsa.

Idan saɓar ta shaƙe wutsiyar har ta guntule, kada ka zo tarbata filin jirgi.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Loretta