Rasuwar Baba Mai Eriya da Makomar Rediyon Saman Bene

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Hukumar Daraktoci, Hukumar Gudanarwa da ɗaukacin ma'aikatan Gidan Rediyon Saman Bene, tashar kiɗa da waƙa ta wannan gari namu, sun samu labarin rasuwar ubansu kuma maigidansu, wanda ya kafa wannan tasha, Mai Girma Mataimakin Shugaban Hukumar Daraktocinta, Alhajin da babba da yaro suka sani da Baba Mai Eriya, wanda Allah ya yi wa cikawa da hantsin ranar Talata a asibiti bayan gajeriyar rashin lafiya, aka kuma yi jana'izarsa a wannan rana kamar yadda addini ya tanada. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Tun daga ranar wayoyinmu ba su huta ba, kuma kusan duk wanda ya kira, da zarar ya gama ta'aziyya sai ya sassauta murya ya yi tambaya guda: to yanzu tashar ta wa ce, kuma za ta ci gaba da zama yadda muka san ta? Ba mu ga laifin kowa ba, domin mu ma ma'aikata tambayar da muke yi wa juna ke nan a baranda. Sanin kowa ne cewa kaso ɗaya cikin uku na tashar ne kawai ke hannun marigayi, kuma wannan kaso shi kaɗai ya hana a mayar da mu reshen da ake aiko wa shirye-shirye daga nesa, a sallami masu gabatarwa, a bar kwamfuta da maigadi. Za mu amsa tambayar a cikin wannan sanarwa da izinin iyalansa, amma sai mun fara ba wa mamaci haƙƙinsa.

Marigayi ya fara ne a matsayin mai gyaran rediyo, a wani ɗan shago da ke maƙale da shagon wani mai sayar da taya, kuma a lokacin da hukuma ta buɗe ƙofar bayar da lasisi ga tashoshi masu zaman kansu, shi ne ya tsaya kai da fata cewa garin da ke da mawaƙa a kowane lungu bai kamata ya riƙa aron waƙa daga wani wuri ba. Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai suka haɗu su uku: shi da iliminsa na wayoyi da na'urori, Marigayi Alhaji Mai Taya da ɗakin da ke saman shagonsa, sai kuma Hajiya Yaya, yayar marigayi, tsohuwar shugabar makaranta, da jarinta da kuma tsawarta, suka raba mallakar tashar gida uku daidai wa daida. An lulluɓe bangon ɗakin da kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu domin kada amo ya dawo, an kafa eriya a kan rufi da hannun marigayi, inda ya samo laƙabinsa. Matsalar farko da tashar ta fuskanta ba ta lasisi ba ce, ta injin busa taya ce, wanda masu sauraro ke jin hucinsa a tsakiyar gaishe-gaishe. Marigayi ya ja waya daga sama zuwa ƙasa ya ɗaura jan ƙwan fitila a kan teburin Alhaji Mai Taya, aka yi yarjejeniya cewa in fitilar ta kama, makirufo a buɗe yake, injin ya yi shiru ko da mai motar sauri yake yi. Tsofaffin direbobin garin nan har yanzu suna ba da labarin yadda suka tsaya da taya a kwance suna jiran a gama gaishe da amarya.

Abin da ya bambanta Saman Bene da kowace tasha, wanda kuma marigayi ya ƙare rayuwarsa yana karewa, doka ce guda: ba a yanke waƙa. In aka sa waƙa sai ta kai ƙarshenta, ko talla ce ke jira, ko labarai, ko mai tashar da kansa. Wannan doka tana da asali. A shekarar farko, wani mai gabatarwa ya katse waƙar wata baiwar Allah a tsakiya domin lokacin tallar sabulu ya yi, washegari da safe sai ga mawaƙiyar ta hau benen ba sallama mai tsawo, ta tsaya a gaban marigayi ta ce, "Malam, uwata tana baitin ƙarshe. Ta tara maƙwabta tun azahar suna zaune a gaban rediyo don su ji an ambace ta, sai suka ji sabulu. Da wane ido zan kalle ta?" Waɗanda ke wurin sun ce nan take marigayi ya miƙe. Ya ba ta kujerarsa, ya sa aka maimaita waƙar daga farko har ƙarshe, sannan ya juya ga ma'aikatansa ya ce, "Daga yau, wanda ya yanke wa mawaƙi magana ya sauka daga benen nan, ko ni ne."

Ba za mu ɓoye cewa wannan doka ta jawo mana tsiya iri-iri ba. Labaranmu na ƙarfe huɗu sun sha farawa bayan huɗu ta gota, har ta kai in mutum ya makara a garin nan sai a ce da agogon Saman Bene ya zo. Masu talla sun yi fushi sun tafi, sun kuma dawo da kansu, domin sun lura cewa mai sauraron da ya san ba za a katse masa waƙa ba, ba ya murɗa rediyonsa zuwa wani wuri. Mawaƙa ma sun gane lagonmu, wasunsu suka riƙa kawo waƙar da sai ka sha shayi ka wanke kofi ba ta ƙare ba. Marigayi yakan saurare su har ƙarshe, kansa a sunkuye, sannan ya ce, "Ɗana, muryarka na da daɗi, amma ka tausaya wa bayin Allah, je ka rage ta da hannunka, ni dai ba zan taɓa ta ba." Da yawa daga cikin mawaƙan da a yau ake alfahari da su, a kan bencin ƙofar ofishinsa suka fara zaman jiran a ji su.

Dangane da yadda mallakar tashar ta sauya hannu, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Bayan rasuwar Alhaji Mai Taya, magadansa sun sayar da kasonsu ga wani babban kamfani mai tashoshi a garuruwa da dama, kuma a damunar da aradu ta faɗa wa eriyarmu ta ƙone na'urar watsa shirye-shirye ƙurmus, Hajiya Yaya, wadda tsufa ya riga ya kama, ta sayar da nata ga kamfanin da cikakkiyar yardar ƙaninta, domin tashar ta samu ta dawo kan iska. Hukumar Gudanarwa na son a shaida cewa kamfanin ya yi mana alheri: ya fitar da mu daga saman shago zuwa ginin da muke ciki yanzu, ya kawo sababbin na'urori, ya sa albashi ya san ranar fitowarsa. Sai dai marigayi, kafin ya sa hannu, ya kafa sharaɗin cewa muddin kasonsa na hannunsa ko na iyalinsa, ba za a sauya sunan tashar ko yadda ake gabatar da shirye-shiryenta ba sai da amincewar mai kason.

Da wannan sharaɗi ya zauna a taron daraktoci shekara da shekaru. An kawo shawarar a sauya sunan, tunda yanzu a ƙasa muke ba a bene ba, ya ce a'a. An kawo shawarar a riƙa datse waƙoƙi domin su shiga tsakanin tallace-tallace daidai, ya ce a'a. An kawo ta haɗa shirye-shiryen rana a hedikwata a aiko mana, kamar yadda aka yi wa sauran tashoshin kamfanin, ya ce a'a, ya kuma nemi a ƙaro shayi. An yi masa tayin sayen kasonsa cikin mutunci ba sau ɗaya ba, ya yi godiya cikin mutunci, ya maimaita kalmarsa. Mu kuwa da muka ga gemun 'yan'uwanmu na wasu garuruwa ya kama da wuta, mun san sarai wane ne ruwan da ke kan namu. Mai Girma Shugaban Hukumar Daraktoci, wakilin kamfanin, wanda ya ga wannan sanarwa kafin ta fita bai kuma cire ko harafi ba, ya ce a rubuta cewa a duk rayuwarsa ta kasuwanci babu abokin hulɗar da ya sa shi ciwon kai kamar marigayi, babu kuma wanda yake girmamawa kamarsa.

Muna kuma neman afuwar masu sauraron da suka yi ƙorafin cewa sun ji labarin rasuwar a bakin titi alhali rediyonsu na kiɗa. Gaskiya ne. Lokacin da saƙon ya iso ɗakin watsa shirye-shirye, waƙa ta riga ta fara, kuma Malama mai gabatar da shirin hantsi, wadda marigayi ya koya wa aiki da hannunsa, ta ɗora yatsa a kan maɓallin katse waƙar ta kasa dannawa. Ta zauna tana kuka, mu muna tsaye a bayan gilashi muna kallonta, babu wanda ya ce mata yanke, har waƙar ta kai ƙarshe, sannan ta buɗe makirufo ta sanar, aka dakatar da kiɗa aka koma karatu da addu'o'i. Wanda ya ga kuskure a cikin wannan ya ɗora mana shi mu duka, kada ya ɗora mata ita kaɗai.

A madadin Hukumar Daraktoci, Hukumar Gudanarwa, ma'aikata na da da na yanzu, mawaƙa, makaɗa, masu talla da miliyoyin gaisuwar da suka bi ta eriyarsa, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwarmu Hajiya, matar marigayi, wadda ta yi haƙurin zama da mijin da in hadari ya taso hankalinsa ya fi karkata ga rufin tasha fiye da na gida, da Hajiya Yaya, wadda ta ga tafiyar ƙanin da ta goya, da 'ya'yansa da jikokinsa da ɗaukacin dangi, muna roƙon Allah ya ba su juriya da haƙurin wannan babban rashi.

Sai amsar tambayar da jama'a ke yi. Bayan an share makoki, iyalan marigayi sun gayyaci Mai Girma Shugaban Hukumar Daraktoci da shugabannin sassan tashar zuwa falon gidan, kuma ba za mu yi ƙarya ba, da zaton za mu ji zancen sayarwa muka je. Wadda magada suka wakilta ta yi magana ita ce babbar 'yarsa, Malamar asibiti, wadda duk mun san ba ta taɓa ɓoye haushinta da gidan rediyon da ya cinye mata lokacin uba ba, ba ta kuma taɓa tako ƙafarta cikinsa ba. Mai Girma Shugaba, a shaide shi, ta'aziyya kawai ya yi, bai tayar da zancen ciniki ba. Ita ce ta tayar.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na san tayinku na nan, mun gode. Mun zauna da Mama da ƙannena, mun yarda kason Baba ya zauna a dunƙule, ni kuma zan zauna a kujerarsa. Ni ban san kiɗa ba, ban san waƙa ba, ko rediyo ba ni da shi a ɗakina. Amma da kalmar a'a Baba ya raine mu, na ji ta har na haddace, in ana buƙatarta zan iya faɗa." Mai Girma Shugaba ya riƙe kai ya ce, "Shi ke nan, ciwon kaina ya yi gado." Aka yi dariya ta farko a gidan tun ranar Talata.

Sannan ta juyo gare mu, muryarta ta sauya, ta ce, "Tun ina ƙarama nake cewa rediyon nan ya ƙwace mana uba. Ranar jana'iza na leƙa waje na ga layinmu ya cika da mutanen da ban taɓa gani ba, masu tura baro, teloli, direbobi, mawaƙa, kowa yana kuka yana cewa babansa ya rasu. A nan na gane ba mu kaɗai ba ne marayun. To ba a sayar da gida da marayu a ciki."

Wannan ita ce amsar, kuma mai sa hannu a kan wannan takarda, wanda ya daure bai zubar da hawaye a maƙabarta ba, bai iya daurewa a falon nan ba, ba kuma shi kaɗai ba.

Allah ya jiƙan Baba Mai Eriya da rahamarsa, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya albarkaci zuri'ar da ya bari, ta gida da ta tasha. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Sa hannu:
Malam Gajeren Zango, kamar yadda marigayi ya raɗa masa
Kakakin Gidan Rediyon Saman Bene kuma Shugaban Sashen Shirye-shirye
A madadin Hukumar Daraktoci, Hukumar Gudanarwa da Ma'aikata