Rakiyar Nafisa Har Ƙofar Likita

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Inna Hansatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Gadarif ta Sudan lafiya lau. An yanke riɗi, an shiga girbin dawa, lakar unguwarmu kuwa ta bushe bayan ta cinye min takalmi kamar yadda ta saba kowace damina.

Inna, yau tsiya na zo yi miki kafin in yi godiya. Kin tuna rakiyarki? Baƙuwa ta sha gahawar jabana ta ce za ta tafi, sai ki yafa tob, mayafin nan naki, ki ce taku biyu kawai. Taku biyun nan sai ya kai ku ƙofar gidanta. Kunya ta kama ta ta rako ki, ke kuma ki ƙi bari ta koma ita kaɗai. Ranar da ke da maƙwabciyarmu Iya Talatu kuka yi ta kai da kawo har miya ta ƙone, Baba cewa ya yi gara ya saya muku raksha, keken nan mai ƙafa uku. Muka yi ta dariya, ke ko a jikinki. Kika ce, "Wanda aka yi wa kwatance yakan juya a hanya, wanda aka raka shi ke isa."

Akwai wata ɗalibata a sakandaren 'yan mata, sunanta Nafisa. Iyayenta suna aiki a manyan gonakin nan na wajen garin Doka, ita tana zaune wurin gwaggonta saboda karatu. Yarinya ce mai surutu kamar rediyo. Bana sai ta yi tsit. Ta rame, ta daina cin abinci da ƙawayenta, ta rabar da littattafanta ga jarrabawa ta matso. Da na tsayar da ita bayan an tashi, ta ce min ta gaji, da za ta kwanta ba ta farka ba da kowa ya huta.

Ban yi mata wa'azin wuta ba. Na tambaye ta kai tsaye ko tunanin kashe kanta take yi. Ta gyaɗa kai ta fashe da kuka, muka zauna kan benci ɗaya. Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa. Na ce wannan alkawari ba zan iya ba, ranta ya fi min sirrinta, amma duk wanda zan gaya wa, a gabanta zan faɗa.

A ranar muka je wurin gwaggon. Baiwar Allah ta rikice, ta ce sammu ne, a nemo rubutu. Na ce a yi addu'a, wa zai ƙi addu'a, amma damuwa ciwo ce, kuma akwai likitanta a asibiti. Muka kawar da duk abin da zai iya cutarwa daga ɗakin, gwaggo ta dawo da shimfiɗarta kusa da ita.

Washegari Nafisa ta kafe ba za ta je asibiti ba, wai kada a ce ta haukace. Gwaggo ma tana tsoron bakin unguwa. Har na buɗe baki zan kwatanta musu hanya in wuce makaranta, sai maganarki ta faɗo min. Na gyara tob na ce taku biyu kawai.

Irin naki kuwa. A bakin titi Nafisa ta tsaya, na ce mu dai kai kasuwa. A kasuwa ta tsaya, na saya mana zoɓo mai sanyi, na ba ta labarin miyarki da ta ƙone. Ta yi murmushi, rabona da ganinsa tun farkon damina. A ƙofar likita ta damƙe gefen tobina. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ta faɗa masa komai, ni da gwaggo muna nan kan benci ko za a kai la'asar. Ta shiga.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ba a rana ɗaya ta warke ba. Tana shan magani, tana komawa ganin likita, wata rana da daɗi wata rana babu. Babanta ya bar girbi ya hau lori ya zo, yanzu shi ma yana cikin 'yan rakiya. Surutun dai ya fara dawowa. Ran nan har tsawa na yi mata a aji, na juya wajen allo ina hamdala.

Jiya ta kawo min riɗi daga Doka. Da za ta tafi na raka ta har gidan gwaggo. Ina juyowa sai na ji taku a bayana, ashe ita ce, wai ba za ta bar Ustaza, wato ni malamarta, ta koma ita kaɗai ba. Miya na bari a wuta, Inna. Ta ƙone ƙurmus. Na zauna na ci abata ina dariya ina hawaye, kewarki ta cika min zuciya.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya ba Nafisa lafiya mai ɗorewa. Yadda ba ki taɓa barin baƙo a rabin hanya ba, Allah ya sa mala'ikun rahama su raka ki har ƙofar Aljanna. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Rabi