Farar Ƙwayar Da Kika Daina Sha

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina hutawa a inda babu ciwo, babu layin yankar kati. Mu nan lafiya lau muke. Gidanmu na Muchia yana nan, sai dai an sare mangwaron tsakar gida don saiwarsa ta fara tsaga katanga.

Mama, tambaya ce ta kawo ni, ko da yake na san ba ki son yawan tambaya. A asibitin da nake aiki a Samaru an kafa kwamiti don sake rubuta ƙa'idojin kula da masu hawan jini, wato takardar da likita yake dubawa kafin ya zaɓar wa mutum magani. Ni kaɗai ce nas a cikinsu, sauran duk likitoci ne. Wata matashiyar likita ta ce a ƙara sashe a kan abin da shi marar lafiyar yake so. Wani babba ya yi dariya, ya ce kowa warkewa yake so, me kuma za a tambaye shi? Har na buɗe baki zan goyi bayansa, sai kika faɗo mini a rai.

Kin tuna 'yar farar ƙwayar nan ta safe, mai sa yawan fitsari? Ni na rubuta miki a jikin kwalin da jan biro: ɗaya kullum, bayan karin kumallo. Haka tsohuwar takardar ta ce, ni kuwa a lokacin ba na ƙetare takarda ko da taku ɗaya. Duk Asabar in hau bas zuwa Sabon Gari, in auna ki, in ga jinin ya hau, in hau faɗa. Ke kuma ki gyara ɗaurin ɗankwali ki ce, "To, Malama Nas, an ji."

Da ɓarin jikinki ya shanye, kwana tara kika yi kika tafi. Muna kwashe kayanki muka sami fararen ƙwayoyin cike da gwangwanin madara a ƙasan akwati. Na ji haushinki, Mama, ba zan ɓoye miki ba. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ɗayan maganin na yamma ba ki bar ko ƙwaya ba. Ashe ba magani kika ƙi ba. To me farar ƙwayar ta yi miki?

Bayan taron na tafi Basawa wurin ƙanwarki, Inna Saratu, domin ita ma an ɗora ta a kan irin ƙwayar. Da niyyar faɗa na tafi, sai na ce bari in gwada abin da likitar nan ta kawo. Na tambaye ta yadda yininta yake kasancewa idan ta sha. Ta ce ita sai ranar da ba za ta fita ba take sha.

Daga nan ta kwance mini labarinki. Rumfarki tana tsakiyar masu kayan miya, makewayi kuwa yana can ƙarshen kasuwa. Daga hantsi zuwa tsakar rana ƙwayar takan kora ki sau huɗu ko biyar, daidai lokacin da masu sayen daddawa da kuka suke cika gabanki. Duk da haka kika daure kina sha.

Sai wata Lahadi a coci. Kina gaba cikin zumuntar mata, tulun kiɗa a cinyarki, ana tsakiyar waƙa, abin ya fi ƙarfinki. Inna Saratu ce ta kwance mayafinta ta ɗaura miki a ƙugu, ta fitar da ke ta ƙofar gefe. Tun ranar ba ki sake sa farar ƙwayar a baki ba. Ina cocin a ranar, Mama, benci uku a bayanki. Na ɗauka zafi ne ya dame ki.

Na tambayi Inna Saratu, to me ya hana ki, ke Mama, gaya wa likita? Ta ce, "Ta yaya? Kullum kina tsaye a kanta, kafin ta buɗe baki kin amsa. Ke ce fa 'yar fari. Matar da kunya ta hana ta kiran sunanki tun da ta haife ki, ita ce za ta yi zancen fitsari a gabanki?"

Akwai wasu magungunan, Mama. Suna shafi na gaba a cikin tsohuwar takardar ƙa'idojin, na san sunayensu da ka. Ban sani ba ko canjin zai riƙe ki tare da mu, wannan sai Allah. Amma ina ta son in sani: da an tambaye ki, me za ki ce? Za ki zaɓi wanda yake ɗan kumbura ƙafa a kan wanda ya tashe ki daga waƙa? Ko dariya za ki yi, ki ce likita ne ya sani?

Layi biyu na rubuta wa kwamitin. A tambayi marar lafiya yadda yininsa yake tafiya kafin a zaɓar masa magani. Sannan a tambaye shi wa yake so ya zauna a ɗakin, kuma a yi tambayar bayan ɗan rakiya ya fita. Babban likitan ya ce zai duba, ban san ko za su karɓa ba.

Ranar Litinin zan kai Inna Saratu a sake duba maganinta, saboda jininta yana hawa kamar yadda naki ya riƙa yi. Zan raka ta har bakin ƙofa, in tura mata ƙofar, in koma kan benci in zauna da masu jira. Abin da za ta faɗa a ciki, tsakaninta da likita ne.

Ki yafe mini, Mama. Allah ya ba ki hutawa, ya ƙara wa Inna Saratu kwana, ni kuma ya koya mini yin shiru. Amin.

Taki har kullum,
Ladi